Yaro ne, zai manta?

A shekarar 1985, wani likita mai suna Vincent Felitti yana kula da sashen rage ƙiba a wani asibiti a birnin San Diego na Amurka. Abu ɗaya ya ɗaure masa kai: mutane da dama sai su daina zuwa daidai lokacin da ƙibar ta fara zubewa. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da yawansu an yi lalata da su tun suna ƙanana.

Wannan ya sa shi da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka tambayi mutum sama da 17,000 labarin ƙuruciyarsu, tsakanin 1995 da 1997. An dake ka? An wulaƙanta ka? Ka ga ana dukan mahaifiyarka? Iyayenka sun rabu? Akwai mashayi a gidanku, ko wanda aka ɗaure a kurkuku?

Kusan biyu cikin uku sun ɗanɗana aƙalla ɗaya. Kuma fa akasarinsu masu ilimi ne, masu rufin asiri. Waɗanda suka haɗa huɗu ko fiye kuwa, haɗarin su faɗa shaye-shaye, ciwon damuwa ko yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12. Ciwon zuciya, na huhu da na hanta ma sun fi kama su.

To, me ya haɗa dukan da aka sha ana shekara bakwai da ciwon zuciya ana shekara hamsin?

Ku dubi yaron da gabansa ke faɗuwa da ya ji gyaran muryar mahaifinsa a zaure. Nan take zuciyarsa ta hau bugawa, jikinsa ya saki sinadarin kotisol don ya shirya gudu. Sau ɗaya, ba komai. Amma kullum, shekara da shekaru? Kamar janareta ne da ba a taɓa kashewa. Barci ya lalace, karatu ya ƙi zama, jini ya hau, garkuwar jiki ta rikice. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce, "Yaro ne, zai manta."

Sai dai ba duk wanda ya sha wuya ne ke ƙarewa haka ba. Abin da masu bincike suka fi gani wajen waɗanda suka tsira shi ne babba ko da guda ɗaya da ya tsaya musu: kaka, goggo, kawu ko malami. Yaron da ke da ɗakin kakarsa da zai ruga, ta rungume shi har ya yi ajiyar zuciya, janaretansa na samun hutu.