Lacca ga Matasan Ikkilisiya Masu Shirin Hidimar Yara a Nijar

Salama gare ku, 'yan'uwa. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Ku da za ku tsallaka yankin Galmi da Maraɗi ku yi mako biyu, ku sani akwai masu aiki a can tun ba a haife ku ba. Asibitin Galmi na mishan ɗin SIM yana nan tun 1950, ga ikkilisiyoyin gari, ga ma'aikatan lafiya. A ƙarƙashinsu za ku yi aiki, abin da suka ɗora ku a kai shi za ku yi. Allurar shawara kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, sai a lokacin katin yake fara aiki. Kowa ya tafi da gidan sauronsa.

Yanzu maganar tamowa, don a nan baƙo mai tausayi ya fi yin ɓarna. Ku dubi wannan tef ɗin awon damtse. Na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. Hannun hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a kan fata, hannun a sake. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. In kun matse tef ɗin, kun mai da mai lafiya majinyaci. In kun sassauta, kun sallami wanda ke bakin mutuwa. Bayan awo ku danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ku ƙirga uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore, wato alamar lafiya. Irin wannan yaron ake wucewa, ana cewa ai ga shi da jiki.

Yaron da ya faɗa ja, kada wanda ya cika masa ciki. Na san zuciya za ta ce a kawo tuwo da nama, amma jikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya, bugun zuciyarsa kan iya tsayawa. Shi ya sa a asibiti ake farawa da wata madara ta musamman mai suna F-75, kaɗan-kaɗan, duk awa biyu ko uku. Wanda yake iya ci kuma ba shi da wani ciwo, cibiyar kula da masu tamowa ce za ta ba shi Plumpy'Nut, wato abincin tamowa na gyaɗa, gwargwadon nauyinsa, leda ɗaya giram 92. Ku gaya wa uwa magani ne, kar a raba da yayyensa. Aikinku awo, rubuta suna da unguwa, da rakiya zuwa cibiya.

Madarar gari, don Allah, kada ta shiga kayan tsarabarku. Uwa za ta rage shayarwa, a dama da ruwan rijiya, sai zawo.

In zawon ya zo, leda ɗaya ta ORS, wato haɗin gishiri da sukari na zawo, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Mai tamowa mai tsanani ban da shi, gishirin ORS ya yi masa yawa, nasa haɗin daban ne a asibiti.

Sai zama da yara. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, ko don addu'a ce, a zama biyu kuma a fili. Hoto sai da yardar iyaye, yaro tsirara ko kwance a gadon asibiti ba a ɗauka sam. Kada ku yi alkawarin makaranta ko dawowa, yaro yana riƙewa. Galibin gidajen nan Musulmi ne, saboda haka iyaye su san abin da ake koyarwa a ajin yara tun kafin a fara, kuma abinci da magani na kowa ne, ya zo aji ko bai zo ba.

Ranar dawowa, littafin da kuka rubuta sunayen yaran ku damƙa shi ga ma'aikacin lafiyar wurin hannu da hannu, ku nuna masa waɗanda aka tura cibiya ba su je ba.