Komin Ruwan Dabbobi da Kajin Gida: Tattaunawa a Fodkas

Malam Habu: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Hajiya Larai, wadda ta daɗe tana kiwon kaji da zabi, da kuma Malam Isa, malamin dabbobi. Za mu yi magana ne a kan asarar da mutane ba su cika lissafawa ba, wato yadda tsuntsayen gida ke faɗawa cikin komin ruwan dabbobi su mutu. Hajiya, na san abin ya taɓa samunki.

Hajiya Larai: Ya same ni kuwa, Malam. Ina da rago biyu a turke da nake kiwatawa domin layya, kuma rabin duro nake zuba musu ruwa ina dama dusa a ciki. Wata rana da azahar na fito na tarar da budurwar kazata a ciki, ragunan sun sha ruwan ya sauka zuwa rabi, ita kuma ta hau baki ta miƙa wuya tana tsince dusar da ke yawo a sama, sai ƙafarta ta zame. Ruwan bai fi kamu biyu ba, amma gefen duron ya yi gansakuka, duk inda ta kafa farce sai santsi. Ko da na ciro ta, rai ya riga ya yi halinsa.

Malam Isa: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin lura a labarinki shi ne komin da ya cika taf ba shi ne mai hatsari ba, domin kaza tana iya sha daga baki ba tare da ta sunkuya ba, kuma ko ta faɗa tana iya yunƙurawa ta fito. Wanda ya sauka zuwa rabi shi ne tarko. Gashin kaza ba ya tare ruwa kamar na agwagwa, saboda haka da zarar ya jiƙe sai ya yi nauyi, sanyi ya kama ta, ta yi ta kewaya gefe tana neman abin kamawa har ƙarfinta ya ƙare.

Malam Habu: To, mene ne maganin, tunda ba za a hana dabbobi ruwa ba, kuma kajinmu sake suke a tsakar gida?

Malam Isa: A yi musu mafita. Makiyayan yammacin Amurka sun daɗe suna sanya matakala ta ragar ƙarfe a cikin tankunan shanunsu saboda tsuntsaye da jemagu, kuma ƙa'idar da suke bi tana da sauƙi: gangaren kada ya wuce digiri 45, ya kai har ƙasan tanki, sannan ya manne da bango. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mutane suka fi kuskurewa. Idan ka jingina katako a tsakiya ka bar rata tsakaninsa da bango, tsuntsun da ke bin gefe zai wuce ta ƙarƙashinsa bai san da shi ba. A wurinmu katako mai kaushi ya isa, a lulluɓe shi da ragar waya ko a sassare shi da adda, a ɗaure kansa da waya a bakin komi domin kada sa ya ture shi da hanci.

Hajiya Larai: Ni bulo na jera a gefe ɗaya kamar matakala, kuma ya yi mini aiki. Amma a gaskiya, Malam Isa, abin da ya kawo ƙarshen matsalar a gidana shi ne da na gane ƙishirwa ce ke kai su can. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kaskon kaji kan ƙafe kafin hantsi, mu kuma muna can muna hidimar gida. Yanzu kasko uku nake ajiyewa a inuwa, nesa da turke, ina cika su safe da rana.

Malam Habu: Ina batun 'yan tsaki? Su ai ko kaskon ma yana iya cinye su.

Hajiya Larai: Musamman 'ya'yan zabi. Zabuwa da damina take ƙwai, mu kan ba kaza ta kwanta a kai, bayan kwana 26 zuwa 28 su ƙyanƙyashe, kuma babu abin da ke kashe su kamar jiƙewa. Tsakuwa nake zubawa a kaskonsu har ta kusa cika shi, ruwa ya tsaya a tsakanin duwatsun, baki ya kai amma jiki ba zai nutse ba. Idan kuma ɗaya ya jiƙe, sai in goge shi da tsumma, in naɗe shi in ajiye kusa da ɗumin murhu har ya bushe.

Malam Isa: Akwai kuma ɓangaren lafiyar dabbobin da kansu. Mushen kaza da ya kwana ya ruɓe a cikin ruwa yana iya haifar da gubar da ke shanye jikin saniya, saboda haka ba cire mushen kawai za a yi ba, sai an zubar da ruwan an wanke komin. Kashin kaji ma yana gurɓata ruwa. Kada kuma mu manta da murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, kuma a 2024 aka same ta a jikin shanun madara a Amurka. Komin da tsuntsayen daji da kaji da shanu ke tarayya a kansa hanya ce da cuta za ta iya bi.

Malam Habu: Ke nan a rufe shi idan dabbobi sun tafi kiwo?

Malam Isa: A rufe da kwano ko asabari a ɗora dutse, ko kuma a kifar da shi gaba ɗaya idan na roba ne. Haka ma bokitin da aka dama maganin kaska, kada a bar shi a buɗe ko na minti biyar.

Hajiya Larai: Ni wannan aikin jikana na ɗora wa, kuma kowace yamma sai na leƙa da kaina kafin kaji su shiga akurki.