Takardar Rajista da Auren Coci: Jawabi ga 'Yan Jos Mazauna Ingila

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana na Jos da kewaye, barkanmu da yamma. Mutanen gida suna gaishe ku, tun daga Tudun Wada da Kabong har Bukuru. Sun ce in faɗa muku dankali ya yi kyau, sai dai kuɗinsa ba ya taɓuwa.

Shugaba ya ce in yi magana a kan aure, saboda zaman da nake yi a kwamitin shirya ma'aurata na Ikilisiyarmu ta Katolika a Jos. Ni ba Fada ba ne, wato limamin Katolika, tsohon malamin makaranta ne. Na hango 'yan COCIN da 'yan ECWA a nan, ga kuma 'yan'uwanmu Musulmi can gefen taga. Kada kowa ya ce maganar ba tasa ba ce. 'Ya'yanmu suna auren juna, kuma ran da ɗanka ya kawo maka 'yar Katolika, duk abin da zan faɗa yau a falonka zai sauka.

Tambayar da ta fi zuwa mana daga wajenku ita ce: mun je ofishin rajista, mun sa hannu, gwamnati ta ba mu takarda, har an ba matata biza da ita, to me Coci kuma take nema?

Zan ba da amsar ba tare da kwana-kwana ba. Idan ɗaya daga cikinku an yi masa baftisma a Katolika, ko ya shigo Katolika daga baya, Coci ba ta ɗaukar abin da aka yi a rajista kaɗai a matsayin aure. Kundin dokokin Coci na 1983, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ƙaddamar, ya ce a doka ta 1108 auren ɗan Katolika yana ƙulluwa ne a gaban bishop, ko Fadan Ikilisiya, ko wani Fada ko dikin (mai taimaka wa Fada) da aka wakilta, tare da shaidu biyu. Ko mutum ya shekara ashirin bai taka ƙofar coci ba, dokar tana kansa. A da akwai 'yar kafa ga wanda ya fita daga Coci a hukumance, amma Paparoma Benedict ya toshe ta a 2009.

Wasu da sun ji haka sai su ce son iko ne kawai na Fadoci. Ku bari in ba ku asalin abin. A koyarwar Katolika ba Fada ne ke ƙulla aure ba. Ango da amarya ne ke ƙulla shi da yardar da suka furta wa juna, Fada shaida ne a madadin Coci. Shekaru aru-aru a Turai, saurayi da budurwa kan keɓe su ce sun ɗauki juna miji da mata, kuma Coci ta yarda aure ya ɗauru. Sai ɓarna ta yi yawa. Namiji ya yi wa yarinya alkawari a ɓoye, ciki ya shiga, ya ce shi bai san zancen ba, ya je ya auri 'yar mai kuɗi a bainar jama'a. Wa zai tsaya wa yarinyar? Ba shaida, ba rubutu. Shi ya sa babban taron bishop-bishop na Tirento, a ƙasar Italiya, ya yanke a 1563 cewa dole a yi aure a gaban Fada da shaidu. A 1907 Paparoma Pius na Goma ya faɗaɗa dokar ta kai kusan ko'ina. Don kare mai rauni aka kafa ta, kuma mai raunin nan galibi mace ce. Har yau dokar ta san da uzuri: inda ba za a iya samun Fada ba, kuma ana ganin za a yi wata guda a haka, ko inda mutuwa ta ƙarato, mutum biyu suna iya yin aure a gaban shaidu kaɗai, ya kuma tabbata.

Yanzu ga wurin da 'yan Katolika da yawa suke tuntuɓe, har da masu zama a benci na gaba. Wannan doka ta 'yan Katolika ce kawai. Idan ɗan COCIN ya auri 'yar ECWA a rajista, ko a cocinsu, kuma babu wanda ke da wani aure a kansa, Cocin Katolika tana cewa aure ne cikakke. Tun da dukansu suna da baftisma, tana ma kiransa sakramenti, wato alama mai tsarki ta alherin Allah, ko da su ba su kira shi haka ba. Idan Musulmi ya auri Musulma, aka biya sadaki, waliyyi ya bayar, shaidu suka shaida, aure ne a idon Coci. Dokar ta ce duk auren da aka ɗaura ana ɗaukarsa sahihi har sai an tabbatar da akasin haka. Don haka ɗan Katolikan da ke kallon maƙwabcinsa yana cewa zaman dadiro suke yi don ba Fada ya ɗaura musu ba, bai san addininsa ba.

Wannan girmamawa tana da nauyi a bayanta. A ce ɗan ECWA ya yi aure a Jos, ya zo nan, zama ya ƙi daɗi, kotu ta raba su. Tun Afrilun 2022 ma a Ingila ba sai ka ɗora wa kowa laifi ba kafin a raba ku. Sai ya ga 'yar Katolika ya ce zai aura. Fada zai ce masa a dakata, kana da mata. Ya ce ai ba a Katolika na yi wancan ba. Fada ya ce shi ya sa ma muke ganin ƙimarsa. Takardar saki ta kotu tana raba dukiya, tana tsara wanda zai riƙe yara, kuma Coci ba ta hana a nemi wannan in babu wata hanyar kare haƙƙi. Macen da ake duka ba wanda ya ce ta zauna a kashe ta. Amma igiyar auren kanta, tsakanin masu baftisma biyu da suka riga suka san juna a shimfiɗa, babu kotun da ke tsinka ta, ko Paparoma bai isa ba. Maganar Yesu ce a Matiyu sura 19, abin da Allah ya gama kada mutum ya raba.

Abin da kotun Coci ke yi daban ne. Ba ta raba aure, tana bincike ne ko tun ranar farko an sami aure. An tilasta wa yarinya? Mun san ana yi, uba ya ci kuɗin mutum, uwa ta ce in ba ki aure shi ba ban yafe miki nonona ba. An ɓoye wani babban abu da gangan don a sami yardarta? Mutum ya tsaya gaban bagade yana furta alkawari alhali ya ƙudura a ransa ba zai haihu da ita ba, ko ba zai rabu da wadda yake ajiye da ita a waje ba? In an tabbatar da irin wannan, sai a bayyana cewa auren bai ƙullu ba tun asali. A da sai kotu biyu sun yi hukunci iri ɗaya. A 2015 Paparoma Francis ya sauƙaƙa, hukunci ɗaya ya isa in ba a ɗaukaka ƙara ba, ya kuma ba bishop damar yanke shari'ar da ta fito fili ta gajeriyar hanya. Iyaye mata kan tambaye ni, to yaran fa, sun zama shegu ke nan? A'a. Doka ta 1137 ta ce 'ya'yan halal ne.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na raina takardar gwamnati. Coci da kanta ta hana Fada ya ɗaura auren da dokar ƙasa ba za ta amince da shi ba, sai da izinin bishop. A gida, ƙarƙashin dokar aure ta 1914, kai ne za ka fara kai sanarwa wurin rajistara, a liƙa ta kwana 21, a ba ka takardar shaida, ka kai wa Fada, a ɗaura cikin wata uku a cocin da ke da lasisi. Ka ga aure ɗaya ya gamsar da Coci da gwamnati a lokaci guda. Nan Ingila ma kusan haka ne, sai dai jiran kwana 28 ne, kuma yana iya kaiwa 70 in hukumar shige da fice ta sa ido. Waɗanda ke da 'yan'uwa a Faransa, can dole ne a fara zuwa ofishin magajin gari kafin coci, kuma 'yan Katolikan can suna zuwa ba gardama. Matar da ba ta da takardar gwamnati a ƙasar nan, ran da miji ya faɗi ya mutu ko ya juya mata baya, za ta sha mamakin yadda doka ba ta san da ita ba. Ku yi takarda.

Akwai maganar da ba a son faɗa a taro, amma an biya mini shayi, sai na faɗa. Auren takarda. Mutum ya bar mata da 'ya'ya a Angwan Rukuba, ya zo nan ya biya wata kuɗi suka je rajista don a ba shi zama. Laifi ne a dokar ƙasar nan, kuma duk da wasan da kuke ganin kun yi, gwamnati ta rubuta ku miji da mata, sai kotu ta raba ku. A gida ma, wanda ke da matar gargajiya ya je ya yi auren rajista da wata daban, dokar 1914 ta tanadar masa ɗaurin shekara 5.

Na biyun ya fi ci mini rai. Ɗan Katolika ya biya sadaki, an sha biki a ƙauye, ya zauna da mace shekara goma, ga 'ya'ya huɗu, kullum tana cewa mu je mu gyara aurenmu yana cewa sai na sami kuɗi. Da ya ƙetaro ya ga wata, sai ga shi a ofishin Fada yana cewa ai wancan ba auren coci ba ne. A takarda gaskiyarsa ne, kuma binciken irin wannan ba ya daɗewa. Amma dokar da aka kafa don kare mace ce ya mayar wuƙar yanka ta. Coci ba ta yi barci a nan ba: doka ta 1071 ta ce ba a ɗaura wa mutumin da ke da nauyin wata mace ko 'ya'ya daga zaman da ya yi a baya, sai bishop ya ba da izini. Ni a ganina ya kamata ƙungiya irin taku ta riga bishop yin tambaya. Kun san garinsu, kun san matar, wasunku sun ci shinkafar bikin.

To waɗanda ke zaune lafiya da auren rajista ko na gargajiya fa? Ina ganinsu kowace Lahadi a Jos, nan ma na gan su. Lokacin karɓar Jibin Ubangiji ya yi, layi ya miƙe, sai ka ga mace ta janye gwiwoyinta gefe don mutane su wuce, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwalin 'yarta da ba abin da ya same shi. Ita ce ta share cocin ranar Asabar, ita ce mai buga tulu a Zumuntar Mata. Ba a kore ta daga Coci ba, ana yi wa 'ya'yanta baftisma, amma teburin ya gagare ta shekara da shekaru. In ka bi diddigi, ba Fada ya hana ba. Kuɗin farar riga ne, da hayar zaure, da anko, da saniya.

Gyaran aure ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Miji da mata, Fada, shaidu biyu. Ana iya yi ranar Talata bayan Misar safe, kowa ya wuce wurin aiki. Abu ɗaya ku riƙe: ba albarka kawai ake sa wa tsohon aure ba, sabuwar yarda kuke furtawa, don haka dole kowa ya zo da ransa. In kuma abokin zama ya ce shi ya riga ya yi aure sau ɗaya, ba zai sake tsayawa gaban kowa ba, akwai wata hanya. Bishop yana da ikon warkar da auren tun daga tushensa ba tare da an sake furta komai ba, muddin har yanzu su biyun suna son zama miji da mata.

Masu shirin auren wanda ba ɗan Katolika ba, ku je da wuri. In Kirista ne na wata ɗarika, izini ake nema. In ba shi da baftisma, kamar Musulmi, sai bishop ya ɗage hani, in ba haka ba auren bai ƙullu ba. Ɗan Katolikan ne ke alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa yara baftisma a Katolika. Ɗayan ba a sa shi rantsuwa, sanar da shi kawai ake yi. In uban amarya fasto ne ya ce lallai a cocinsa za a ɗaura, wannan ma bishop yana iya yarda, amma kafin biki ake roƙo, ba bayan an watse ba.

Yawancinku a gida kuke son ɗaurawa, a watan Disamba. Ku fara da Fadan unguwar da kuke zaune a nan, don shi zai shirya ku, kuma galibi suna son sanarwar wata shida. Zai nemi sabuwar takardar baftisma, ba tsohon katin da Mama ta adana a ƙasan akwati ba. Dalili kuwa, a ofishin Ikilisiyar da aka yi maka baftisma akwai babban littafi, kowane suna da layinsa, a gefe kuma an bar fili. Duk inda ka yi auren coci a duniya, sai an aiko an rubuta a filin nan. Katikis, malamin da ke koyar da addini a coci, zai buɗe, ya bi da yatsa har ya kai sunanka, ya duba ko filin fari ne, sannan a buga hatimi. Daga nan takardunku su bi ta ofishin bishop na nan zuwa ofishin Akbishop Matthew Audu a Jos, ko Akbishop Ignatius Kaigama in a Abuja za a yi. Wannan tafiya tana cin makonni. Wanda ya sauka a gida saura kwana goma biki, hannu rabbana, ya ce Fada ya taimaka an riga an raba kati, shi ya ja wa kansa.

Ina nan har a tashi. Duk mai son in karɓo masa takardar baftisma in na koma, ya rubuta mini cikakken sunansa, da sunayen iyayensa, da Ikilisiyar da aka yi masa, da shekarar in ya tuna. Shugaba, na gode.