Idan Jiki Ya Yi Wa Magani Bore Ana Tsakiyar Tiyata

Assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwansa ƙofar ɗakin tiyata, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Turai ’Yar’aduwa, ko babban asibitin Daura, ya san tambayoyin nan da ake jero wa marar lafiya kafin a tura gadonsa ciki. Yaushe rabonka da abinci? Kana da hawan jini ko ciwon suga? An taɓa yi maka aiki? Sai kuma wadda aka fi amsawa da gaggawa: akwai maganin da ba ya karɓar ka? Yawancinmu "babu" muke cewa, don hankali ya riga ya tafi kan wuƙa da ɗinki. To a kan wannan tambaya za mu tsaya yau.

Likitoci suna kiran abin anafilaksis. Shi ne bore mafi tsanani da garkuwar jiki ke yi wa wani abu da ya shige ta, ko magani, ko abinci, ko harbin ƙudan zuma. A fatarmu da huhunmu da hanjinmu akwai wasu ƙwayoyin halitta masu ajiye da sinadarai, ciki har da wanda ake kira histamin. Idan garkuwar jiki ta ɗauki wani magani a matsayin abokin gaba, ranar da ya shiga jini sai waɗannan ƙwayoyi su zazzage abin da ke cikinsu gaba ɗaya a lokaci guda. Hanyoyin jini su buɗe su yi faɗi, ruwan jini ya riƙa tsiyaya yana fita cikin nama, hanyoyin iska na huhu su tsuke, leɓe da harshe da maƙogwaro su kumbura. Masu noman rani a Ajiwa sun san yadda ake yi idan mesa ta saki kuma ta huhhuje: injin na ta aiki, amma ruwa ba ya kai wa fangalin ƙarshe. Haka zuciya ke ta bugawa, jini kuwa ba ya isa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Da a gida abin ya sami mutum, ko a ɗakin allura, zai yi magana. Zai ce jikinsa na ƙaiƙayi, maƙogwaronsa ya toshe, jiri na ɗibarsa. A kan gadon tiyata babu wannan. An sa shi barci, akwai bututu a maƙogwaronsa, na'ura ke yi masa numfashi, an lulluɓe shi da ƙyallaye daga wuya har ƙafa, sai wurin da za a yanka kaɗai a buɗe. Ko da borin jini ya feso masa, wa zai gani? A baƙar fata ma jan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai. Kuma idan jini ya faɗi ƙasa warwas, sau da yawa fatar ba ta nuna komai sai bayan an farfaɗo da mutum.

Saboda haka likitan da ke sa barci, wanda ke zaune ta wajen kan majinyaci, na'urarsa yake karantawa. A ce muna kallon allon na'urar. Minti biyu da suka wuce awon jini na kan 120, yanzu ya koma 60. Bugun zuciya ya haura. Ya matsa jakar iskar da ke hannunsa, ya ji ta yi tauri, iska ba ta shiga. Ya ɗora abin saurare a ƙirji, sai shaƙar nan irin ta mai asma. Wahalar ita ce kowace daga cikin alamun nan tana da wasu dalilan. Maganin barcin kansa yana sauke jini. Allurar kashin baya da ake yi wa mai haihuwa ta tiyata tana sauke jini. Zubar jini ma haka. Ga shi cikin minti biyar an tura magani huɗu ko biyar ta jijiya, ɗaya bayan ɗaya. Likitan ba shi da lokacin zama ya tantance wanne ne. Zargi kawai ya isa ya fara magani.

Abin ba ya yawan faruwa, kada wani ya fasa aikin gwaiwa ko afendis don ya ji wannan bayani. Babban binciken da ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta fitar a 2018, wanda ake kira NAP6, ya bi asibitocin ƙasar shekara guda, ya ƙiyasta cewa ana samun mai tsanani sau 1 cikin tiyata kusan 10,000. Sun yi nazarin mutum 266, kuma 10 daga ciki sun rasu. Kusan kashi biyu cikin uku, abin ya fara ne cikin minti biyar da shigar maganin, kuma faɗuwar jini ce alamar da ta fi fara bayyana.

Me ke jawo shi? Mutane sukan ɗora laifin a kan maganin barci, a ce "allurar ce ta yi masa yawa". A binciken nan, na gaba-gaba su ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake bayarwa kafin a yanka don kada ciwon ya ruɓe, kusan rabin waɗanda aka gano musabbabinsu. Dangin fenisilin na ciki, irin su Augmentin da kowa ya sani. Seftirayazon, wanda ake yawan yi a asibitocinmu, shi ma yana iya jawowa. Sai magungunan da ke sakar da naman jiki don a samu zura bututun numfashi, irin su saksametoniyam da rokuroniyam da atirakuriyam, kusan kashi ɗaya cikin uku. A Faransa waɗannan ne suka daɗe a sahun farko. Abin mamakinsu shi ne mutum na iya yi musu bore ranar da aka fara yi masa su. An gano cewa wani sinadarin maganin tari mai suna folkodin yana iya shirya jiki ga wannan bore, har ƙasar Nowe ta janye shi a 2007, hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar janye shi a ƙarshen 2022, Birtaniya ta bi sahu a 2023. Shi ya sa idan likita ya tambayi maganin tarin da kuka sha a shekarar nan, ba surutu yake nema ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ɗauka magani ba. Kuloheksidin, ruwan da ake goge fata da shi kafin yanka, wanda ke cikin Savlon da man cibiyar jarirai, shi ne na uku a binciken Birtaniya. Sai robar safar hannu da ta bututun fitsari. A can sun rage amfani da irin wannan roba, har binciken bai sami ko mutum ɗaya da ta kama ba, amma a nan ita ce a hannun yawancin ma'aikatan asibiti. Nata boren yakan jinkirta, sai aiki ya yi nisa. Waɗanda suka fi shiga haɗarinta su ne ma'aikatan lafiya da yaran da aka sha yi wa tiyata. Idan leɓenka na kumbura in ka hura balan-balan, ko bakinka na ƙaiƙayi in ka ci ayaba ko fiya, faɗa wa likita. Wasu ruwan ƙari masu kauri da ake yi da jelatin, da ƙarin jini, su ma suna iya tayar da shi.

Maganinsa ɗaya ne a sahun farko: adirenalin. Yana matse hanyoyin jinin da suka saki, ya ƙarfafa zuciya, ya buɗe huhu, ya hana ƙwayoyin nan ci gaba da zubar da sinadarai. A ɗakin tiyata likitan barci na tura shi ta jijiya kaɗan-kaɗan, kimanin maikurogiram 50 ga babba, yana kallon na'ura yana maimaitawa. A wajen ɗakin tiyata kuwa a cinya ake yi, rabin miligiram ga babba. Tare da haka a dakatar da duk abin da ake zargi, a kira taimako, a buɗe iskar oksijin gaba ɗaya, a ɗaga ƙafafu, a saki ƙarin ruwa da gudu leda bayan leda. Idan jinin ya faɗi har babu bugu, a fara danna ƙirji. Likitan fiɗa ya tsaya, in aikin ba na ceton rai ba ne a ɗage shi zuwa wata rana.

A nan zan yi magana da ’yan uwa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kyamis. Mun saba, da an ce magani ya tayar wa mutum, hannu ya tafi kan haidirokotizon da Piriton. Ga ƙaiƙayi da borin jini, babu laifi. Ga wanda jininsa ya faɗi ko numfashinsa ya sarƙe, waɗannan ba sa ceton rai, haidirokotizon sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya fara aiki. Ƙa'idar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta 2021 ta cire su daga matakin farko. Duk wurin da ake yi wa mutane allura ya kamata a ce akwai adirenalin da bai lalace ba, a inda hannu zai kai ba sai an nemi mai makulli ba.

Yanzu mu koma kan tambayar nan ta maganin da ba ya karɓar mutum. Kundin binciken tiyata na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fitar a 2008, ya sa a yi ta kafin a sa mutum barci. Amma ku ji yadda hirar kan kasance.

"Baba, akwai maganin da ba ya karɓar ka?"

"To, likita, akwai wata allura da aka taɓa yi mini a kyamis, na sha wuya."

"Wace iri ce, Baba?"

"Fara ce dai, a ’yar kwalba."

Rabin alluran duniya farare ne a ’yar kwalba. Abin da likita ke bukata shi ne sunan maganin, da abin da ya faru, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya faru. Tsohon kati, kwalin maganin, ko hotonsa a waya, duk suna da amfani. Idan Inna ce za a yi wa aiki kuma ba ta riƙe suna, ’yarta ko surukarta da ke jinyarta ta shiga ta yi bayani.

Faɗin abin da bai faru ba shi ma yana da illa. Ƙaiƙayin da kulorokwin ke sa mutanenmu ba wannan bore ba ne. Tashin zuciya ko gudawa bayan shan kafso ba shi ba ne. Kusan 9 cikin 10 na masu cewa fenisilin ba ya karɓar su, idan aka gwada sai a ga lafiya lau. A Birtaniya irin waɗannan ne ake sauya wa magani zuwa wani mai suna tekofilanin, sai ga shi ya fi wanda aka guje wa yawan tayar da bore. Don haka ku ba da labarin yadda ya faru, ku bar likita ya yanke hukunci. Ku kuma ambaci asma, ciwon zuciya, da maganin hawan jini irin su lisinofiril da atenolol, domin masu shan su abin kan fi yi musu tsanani. Kada ku daina sha da kanku.

Idan kuma ya riga ya faru, an farfaɗo da mutum, za a ci gaba da sa masa ido, wani lokaci a ɗakin kulawa ta musamman, saboda boren na iya dawowa bayan sa'o'i. Akwai gwajin jini mai suna tiriftes da ake ɗiba cikin awa ɗaya zuwa biyu, a sake bayan awa 24 a kwatanta. Gwajin fata don gano ainihin maganin sai bayan mako 4 zuwa 6. Ba kowane asibiti ke da waɗannan gwaje-gwaje ba, amma kowane asibiti na da biro da takarda. Kafin a sallame ku, ku roƙi likitan barci ya rubuta ranar, da duk abin da aka yi amfani da shi, har ruwan goge fata da safar hannu, da lokacin da alamun suka fara, da wanda ya fi zargi. Ku ɗauki hoton takardar, ku ba miji ko mata ko babban ɗa kwafi. Duk lokacin da za a sake yin aiki, ko cire haƙori ne, ko haihuwa, a nuna ta tun ranar yankar kati, domin likita ya sami lokacin zaɓen wasu magungunan da shirya ɗakin da babu robar da ake zargi.