Idan Mai Gadi Ya Tare Wa Mai Gida Ƙofa

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana a kan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da antibairos, mai tsare kwamfuta daga cuta, kuma na ga yawancinku masu shagon kwamfuta ne ko masu gyara, don haka ba zan tsaya dogon gabatarwa ba.

Kwanaki wani abokina mai shagon buga takardu ya kira ni, ana tsakiyar rajistar jarrabawa, yara sun cika benci har waje. Ya ce, "Malam, ofdet ya kashe mini kwamfuta." Da na je, duk shafin da aka buɗe sai gargaɗi ya fito cewa haɗin ba amintacce ba ne. Shi kuma tuni ya yanke hukunci, ya ce daga yau ya kashe sabuntawa, ba ya so. Na duba ƙasan allo, kusa da agogo, sai ga antibairos har uku suna zaune. Ɗaya ya zo da kwamfutar tun daga kasuwa, wa'adinsa ya ƙare shekara biyu da suka wuce. Ɗaya yaron shago ne ya saka. Na ukun, shi kansa bai san daga inda ya fito ba. Na cire biyu, na kashe abu guda a cikin na ukun, shafi ya buɗe. Burauza ba ta yi laifin komai ba.

Bari in faɗa muku abin da na kashe ɗin, don a nan maganar take. Idan ka shiga shafin da adireshinsa ya fara da https, kamar ka aika wasiƙa ce a ambulan da aka liƙe aka buga wa hatimi. Burauza tana duba hatimin, wato takardar shaidar shafin, ta ga ko ta san wanda ya buga. To antibairos yana so ya ga abin da ke ciki. Sai ya tsaya a tsakiya, ya buɗe ambulan, ya karanta, ya sake liƙewa, ya buga nasa hatimin. Muddin burauza ta yarda da hatimin nan nasa, shiru kake ji. Ranar da ta ce ba ta san shi ba, ranar ce kowane shafi zai ƙi buɗewa.

Wannan ya taɓa faruwa a fili. A ƙarshen Janairun 2019 Mozilla ta fitar da burauzarta Firefox 65, sai masu amfani da antibairos ɗin Avast da AVG a kan Windows suka yi ta kuka shafuka sun ƙi buɗewa. Dalili kuwa, Firefox tana da nata kundin hatiman da ta amince da su, ba ta dogara da na Windows ba. Sai da Mozilla ta dakatar da tura sabuntawar na ɗan lokaci. A Firefox 68, cikin Yulin shekarar, aka sa ta riƙa gane irin wannan matsala tana gyarawa da kanta. Wanda ya ce ofdet ne ya jawo, bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa.

Me ya sa nake hana ku kashe sabuntawa? A 2021 burauzar Chrome ta koma fitar da babbar siga duk mako huɗu, a da mako shida ne, kuma a tsakani ana turo ƙananan faci na toshe ɓaraka. Misali ɗaya ya isa. A Satumbar 2023 aka gano rauni a manhajar da ke buɗe hotuna nau'in WebP, kuma an riga an fara amfani da shi wajen kutse. Hoto kawai. Ba sai ka sauke komai ba, shafi ya buɗe, hoton ya bayyana, shi ke nan. Chrome da Firefox da Edge duk sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki. Wanda ya kashe sabuntawa, ƙofarsa a buɗe take har yau, ko antibairos goma ya tara.

Na ga Alhaji yana murmushi, na san abin da zai ce: ai shi ma antibairos ɗin ofdet ke haukata shi. Gaskiya ne. A Afrilun 2010 McAfee ta tura sabuntawar da ta ɗauki wani fayil na Windows XP mai suna svchost.exe a matsayin cuta, kwamfutoci suka yi ta mutuwa suna tashi. Na kusa kuma kun ji shi a labarai: ranar 19 ga Yulin 2024, fayil ɗaya da kamfanin manhajar tsaro CrowdStrike ya tura ya durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Kamfanin ya janye fayil ɗin cikin ƙasa da awa biyu, amma kwamfutar da ta riga ta faɗi sai an bi ta da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ku lura da bambancin. Burauza idan ta faɗi, ita kaɗai ta faɗi, ka rufe ka sake buɗewa. Manhajar tsaro kuwa a can cikin zuciyar Windows take aiki, makullan gidan duka suna hannunta. Shi ya sa a ganina ɗaya ta isa, kuma ga yawancin shagunanmu Defender da ke zuwa da Windows 10 da 11 ya wadatar. Na kyautan nan ma, ku riƙa tambaya da me ake biyan ma'aikatansu. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga.

In an kawo muku kwamfuta, agogo za ku fara dubawa. Wallahi sau da yawa ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, kwanan wata ya koma baya, burauza ta ga duk takardun shaida ba su yi daidai ba. In nauyi ne matsalar, ku danna Shift da Esc a cikin Chrome, za ta nuna muku shafin da ke cinye ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ko wani ɗan ƙarin da aka liƙa mata ba da sanin mai ita ba. Sannan ku shiga saitin antibairos ku kashe binciken https kaɗai, ba manhajar gaba ɗaya ba. In ya buɗe, kun kama ɓarawo.

Tambayar Hajiya ita ce masu Windows 7 fa. Hajiya, Chrome 109, ta Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke hawa kanta. Firefox kuma a 115 ta tsaya, Mozilla ta yi ta ɗaga wa'adin tura mata faci, amma ba abin dogaro ba ne. Windows 10 ma Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafinta na yau da kullum. In kwamfutar buga takarda kawai take yi, a cire mata intanet ta ci gaba da aikinta. In kuwa da ita ake shiga banki ko rajistar yara, a ɗora mata Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows. Na zo da shi a filash, wanda ya taho da laftof ya same ni a teburin nan bayan an yi la'asar.