Darasi: yadda ake bin kwarin kogin Haɗeja a kan keke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na masu son ɗaukar keke ne su bi bakin kogi, su tashi daga Wudil su nufi Ringim, mai sauran ƙarfi a gwiwa ya zarce har Haɗeja. Ga keke na jingine, ga kayan aiki na baje a tabarma. Ɗan ƙanena ne ke riƙe da wayar, in kun ga hoto yana rawa, to hannunsa ne.

Kafin mu taɓa keke, a fara sanin kogin, domin shi zai tsara maka tafiyar. Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa kudu da birnin Kano, su zama ɗaya, su ratsa ƙarƙashin gadar Wudil, su nausa arewa maso gabas ta ƙasar Ringim har Haɗeja. Daga nan ruwan yakan bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya haɗu da kogin Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Kowane ɗaya daga cikin kogunan biyu kuwa da madatsa a kansa: ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa a Ƙaraye, a 1992. Me ya shafi mai keke? To, ya shafe shi. Ruwan da za ka tarar da rani, sakinsa ake yi daga can. Sai ka ga sama tas, ba ko ɗigon hadari, amma mashigin da aka tsallaka jiya ruwa iya gwiwa, yau ya kai ƙugu. Don haka ba a shiga mashigi sai an tambayi wanda ya tsallaka yau da safe.

Lokaci. Daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne naka. Damina ka bar ta. Wanda ya ga ambaliyar 2022, yadda ruwa ya shafe gonaki ya yanke hanyoyi daga Ringim har Haɗeja, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bazara kuma, watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ba lokacin wasa da jiki ba ne.

Amma hunturu da nasa sharaɗin, kuma nan ne yawancin mutane ba sa lissafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ina kogin ya nufa? Arewa maso gabas. Ke nan wanda ya tashi daga Wudil zuwa Haɗeja, kullum iska a ƙirjinsa take. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gangaren kogin ba ya kai ka ji shi a ƙafa, amma iskar za ka ji ta. Mafita biyu ce. Ko dai ka ɗora kekenka a mota zuwa Haɗeja, ka juyo kana tahowa Wudil iska na tura ka ta baya, wanda ni shi na fi ba mai fara koyo shawara. Ko kuma ka riƙa fita da an idar da sallar Asuba, domin iskar ba ta cika tashi ba sai hantsi. Kafin Azahar ka ci rabin abin da ka ɗaukar wa kanka, ka sami inuwar tsamiya ka kwanta, bayan La'asar ka ƙarasa. Kilomita 40 zuwa 50 a yini a kan hanyar ƙasa ya isa. Sauri ya haifi nawa.

To, keken. Matso nan, ɗana, nuna musu tayar. Wannan baƙin keke ne irin na iyayenmu, mai taya inci 28, samfurin Raleigh da Phoenix. Na san samari za su ce ai mai giya ya fi, irin na gwanjo da ake kawowa daga Turai. A kan kwalta, na yarda. Amma ka bari ƙarfen canjin giyar nan ya lanƙwashe maka a wani ƙauye cikin Miga, ka ga wa zai sayar maka da irinsa. Wannan kuwa, duk ƙauyen da ke da mai shayi yana da mai faci, kuma mai facin ya san shi ciki da bai. Tif ɗinsa, bawul ɗinsa, feda, sarƙa, duk ana samu ranar kasuwa. In mai giyar kake da shi, ba laifi, je ka da shi, sai dai ka ɗauki tif biyu daidai tayarka tun daga birni, kuma ya kasance mai faɗin taya. Siririyar tayar 'yan tsere, rairayi haɗiye ta yake yi.

Ƙasar kwarin nan iri uku ce, kuma sau da yawa cikin sa'a guda za ka taka duka ukun. Akwai burji, wannan ba magana. Akwai jigawa, rairayi mai laushi. Da ka ji gaban keke ya fara lilo, kada ka ƙanƙame kan, kada ka taɓa birkin gaba. Ja jikinka baya a kan sirdi, ka ci gaba da juya feda a hankali ba tsayawa. Rage wa tayar iska kaɗan, yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa, amma ba har ƙarfen ya riƙa dukan ƙasa ba. Ka duba sawun kekunan mutanen garin, yawanci a gefe yake, inda ciyawa ta riƙe ƙasa, bi shi. Tsakiyar hanya ta amalanke ce da babura, sun tumurmushe ta. In ta ƙi, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne, masu kai rake kasuwa ma turawa suke yi.

Ta ukun ita ce laka ta fadama. In ta bushe, ta dare, ga sawun kofaton shanu ya daskare a ciki, sai ka ji haƙoranka na haɗuwa. In kuma manomi ya yi ban-ruwa ya malalo hanya, sai ta manne tsakanin taya da ƙarfen da ke rufe ta, har ƙafar ta ƙi juyawa. Ka riƙe ɗan guntun kara a aljihu na sakace ta.

Yanzu abokin gabar gaske: ƙaya. Ƙarangiya wando take kamawa, ba ta cika huda taya ba. Tsidau shi ne mugun, ga shi ƙanƙane, kwance a ƙasa, ƙahonninsa a sama. Sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, inda makiyaya suka sassaro wa awaki reshe suka bar shi a hanya. Kada ka jingine keke a gindin waɗannan itatuwa. Ga dabara, kawo wayar kusa. Wannan tsohon tif ne na yanke bawul ɗin, na tsaga shi ta tsawo, na shimfiɗa shi cikin tayar kafin in sa sabon. Ya ƙara nauyi, amma ƙaramar ƙaya sai ta ratsa biyu kafin ta kai ga iska.

In kuma ta huda, ga yadda ake yi. Ka fito da tif, ka ɗan ba shi iska, ka tsoma a ruwa ka ga inda yake kumfa. Ba ruwa a kusa? Kara shi kusa da leɓenka kana juyawa, za ka ji sanyin iskar. Goge wurin ya bushe, ka kankare shi da samfefa har ya yi kaushi-kaushi, faɗin ya ɗara facin. Shafa sholisho siriri. Sai ka jira. Nan gaggawa ke ɓata aiki: sai ya daina sheƙi, ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana ɗan kamawa amma bai biyo ka ba, sannan ka ɗora facin ka danne da gindin sifana daga tsakiya zuwa gefe. Kafin ka mayar, zagaya cikin tayar da yatsa a hankali. Ƙayar tana nan a maƙale, in ba ka zare ta ba, kafin ka bar inuwar ta sake huda maka.

Sarƙa kuma, kada ka cika ta da giris, ƙura take tarawa ta riƙa cin haƙoran. Kowane dare goge ta da tsumma, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa.

Kaya a kan kariya, a raba gida biyu su rataya dama da hagu, a ɗaure da robar tif. Kada ka goya jaka, gumi da ciwon baya za ta ba ka. Famfo, sifana, faci, tocila, gidan sauro, bargo domin sanyin bakin kogi da asuba ba wasa ba ne. Ruwan sha aƙalla lita uku, ka cika duk inda ka ga famfon tuƙa-tuƙa. In ka ji jiri ko fitsarinka ya yi ja, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ka haɗa ka sha. Abinci ba ya wuya: fura da nono, dabino, ƙuli-ƙuli, in ka isa Haɗeja kuma ga bandar kifi. Ruwan kwata da na kududdufi, komai zafin rana kada ka shiga wanka, nan ake ɗaukar tsargiya.

Wurin fito, ka bar mai kwale-kwale ya ɗora keken yadda ya ga dama, shi ya san jirginsa. Kwance kayan daga kariya tukuna. In ka ga an cika jirgi har ruwa na lasar baki, jira sahu na gaba, kuma kada ka tsallaka bayan Magariba.

Mutane fa. Hanyoyin nan na cikin fadama gonar wani suka ratsa. Alkama ce, albasa ce, tumatir ne, ga tiyon ban-ruwa an shimfiɗa a kan hanya. Ɗaga keke ka tsallake shi, kada ka taka. Ka haɗu da garke a burtali, sauka ka tsaya gefe, kada ka kaɗa ƙararrawa, ka yi wa makiyayin sannu. Garin da za ka kwana, ka shiga da sauran rana, ka nemi ƙofar mai unguwa ko dagaci, wajen Haɗeja za ka ji ana cewa bulama. Ka sauka daga keke tun daga nesa, ka cire takalmi, ka ce ranka ya daɗe, ni baƙo ne daga wuri kaza, gobe zan wuce wuri kaza. Shi zai nuna maka zauren da za ka kwana, shi zai gaya maka wace hanya ce ruwa ya ci. Taswirar waya ba ta san ciyawar kacala ta toshe wani rafi ruwa ya koma ta kan hanya ba. Hoto kuma, musamman inda mata suke, sai da izini.

Ranar kasuwa ka sa ta a lissafi. Wudil Juma'a take ci, titin ya cika da motocin shanu. Ni dai titin Kano zuwa Wudil, kusan kilomita 40 ɗin nan na hanyar Maiduguri, ban ba kowa shawarar ya hau shi da keke ba, ranar kasuwa ko ba ranar kasuwa ba. Sa keken a mota, ka fara daga gada.

Wanda bai taɓa doguwar tafiya ba, ya fara gwada ƙafarsa yini guda a yankin Kura da Kadawa, a kan hanyoyin da ke bin kwatocin ruwan Tiga. Wanda kuma ya kai Haɗeja bai ƙoshi ba, ya ƙara gaba zuwa Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, inda tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke sauka a daidai waɗannan watanni. Can sai da ɗan jagora daga garin, domin hanyoyin suna sauyawa da ruwa.

A darasi na gaba za mu kwance ƙafar baya, in nuna muku yadda ake miƙe ta in ta karkace. Ɗana, kashe haka, an kira sallah. Sai mun haɗu.