Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya, Ranar da Ya Ziyarci Makarantar Firamaren Garinmu a Ƙasar Auyo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa da 'yan rakiyarsa, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Auyo, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Dagaci da masu unguwanni, ranku ya daɗe, Liman, Allah gafarta Malam, Sakataren Ilimi, jami'in asibitin mazaɓarmu da ma'aikatansa, iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin darbejiya tun hantsi, malamai abokan aikina, 'ya'yana ɗalibai. Ina yi wa kowa sallama irin ta addinin Musulunci.

Yallaɓai, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san tazarar da ke tsakanin Dutse da nan, mun kuma san ƙurar da ka sha tun daga inda kwalta ta ƙare. Da ka ga dama da ka aiko wakili, mu kuma mu karɓe shi hannu bibbiyu. Amma ka taso da kanka, kuma zuwa da kai ya fi aike. A madadin malamai da iyaye da yaran nan da suka yi sahu cikin wannan sanyi na hunturu, ina cewa maraba lale. Abin da za mu tarbe ka da shi ba shi da yawa, sai dai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kafin komai sai na yi godiya, kuma godiyar ta ma'aikatan lafiya ce na ƙauye. Mu da muka kwana biyu a duniya mun yi karatu da yaran da shan inna ta naƙasa, muna goya su zuwa aji. A watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar da ke yawo tsakanin mutane, kuma matan nan masu akwatin ƙanƙara da alli, masu bi gida gida cikin rana, suna da babban kaso a wannan nasara. Su ne dai suke dawowa duk damina, wata bayan wata, da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa wata 59. Allah ya saka musu da alheri.

To a nan maganata take, ranka ya daɗe. Jariri yana da katinsa, ana kai shi allura a mako na 6 da na 10 da na 14, a koma a wata na 9. Mai juna biyu tana da ranar awo. Ɗan ƙasa da shekara biyar ana bin sa har ɗakin uwarsa. Amma ranar da yaro ya sa rigar makaranta ya rataya jaka, sai ya zama kamar ya fita daga lissafi. Ya wuce goyo, bai kai ya kai kansa asibiti ba, kuma a gida ana ganin tun da yana gudu yana tsalle ai lafiyarsa lau. Mu malamai mu ne muke wuni da shi, mu muke ganin abin da ido bai cika gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka yi mini izini in faɗi namu yoyon.

Babban abin da ke cin yaranmu a ɓoye shi ne tsargiya. Allah ya yi mana arziƙin ruwa. Kogin Haɗeja yana nan, ga hanyoyin ruwan noman rani sun ratsa gonakinmu, muna shinkafa, muna alkama, muna tumatir da albasa, ba mai raina wannan ni'ima. Amma ruwan nan mai tafiya a hankali, inda ciyawar kachala ta cushe, nan ne gidan katantanwar da ke rainon wannan cuta. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa, bayan 'yan makonni ya fito da yawa yana yawo cikin ruwa. Yaro ya shiga wanka, ko kamun kifi, ko taya babansa ban ruwa, sai tsutsar ta huda fatarsa ta shige ba tare da ya ji ba. Ba sai ya sha ruwan ba, shigarsa kawai ta isa.

Akwai wani yaro a aji huɗu, ba zan faɗi sunansa ba, yana cikin sahun nan yanzu. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, shi ke fara ɗaga hannu a lissafi. Sai na lura ya yawaita neman izinin zagayawa, in ya dawo fuskarsa a yamutse, ya zauna a gefen benci yana matse ƙafa. Ya fara gyangyaɗi tun kafin a fita tara. Wata rana na kira shi ofis na duba cikin fatar idonsa, fari fat. Na tambaye shi ko yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kowa ma yana yi." Wannan amsa ta fi jinin tayar mini da hankali. Da yamma na je wurin mahaifinsa, mutumin kirki, manomi. Ya ce shi ma ya yi tasa yana yaro, kuma sun taso suna jin ana cewa alama ce ta namiji ya fara girma. Na ce masa, "Malam, ba girma ba ne, jinin ɗanka ne yake tsiyayewa kullum." Tsargiya in ta daɗe tana lalata mafitsara, tana iya taɓa ƙoda, a wajen 'ya mace kuma tana kama mahaifa da gabanta, ta zo ta dame ta bayan aure ba a san mafarin abin ba. Washegari shi da kansa ya ɗauki yaron a keke ya kai shi asibiti.

Maganinta yana nan, kuma kyauta ake raba shi a makarantu, tare da na tsutsar ciki. Ranar rabo mu malamai muke tsayawa da sandar nan mai zane-zane, yaro ya jingina da ita ba takalmi, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Wanda bai kai santimita 94 ba ba a ba shi. Ƙwayar babba ce, ga ɗaci, kuma ba ta son cikin da ba komai. Wata shekara saƙon rabon ya iso mana a makare, ba mu sami damar gaya wa iyaye ba, yara da yawa suka sha ba su karya ba. Kafin azahar wasu na jiri, wasu na amai, wasu na riƙe da ciki. Labari ya riga mu isa cikin gari, iyaye mata suka fito da gudu, wata ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Zuwa la'asar duk yaran sun warware, amma sai da muka yi wata da watanni muna lallashi kafin a sake yarda da mu. A karo na gaba Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, matan kwamitin makaranta suka dama koko suka soya ƙosai, kowane yaro ya ci ya ƙoshi kafin ya jingina da sanda. Ranar ba wanda ya kwanta. Roƙona a nan ƙarami ne, Yallaɓai: a riƙa sanar da mu ko da mako guda kafin ranar, mu mun ɗauki nauyin kokon.

Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana wata shiga. Yaron da ya sha yau, jibi yana cikin ruwan nan, domin can ne wurin wankansa, can uwarsa ke aikensa wanki. Muna faɗa musu a aji kada su shiga, su ce to, amma in babu wani ruwan ina za su? Famfon tuƙa-tuƙa na makarantar nan ya daɗe da tsayawa. Rijiyar burtsatse mai aiki a harabar nan, da famfo ɗaya ko biyu da za a bar wa unguwa, za ta rage zuwa bakin ruwa fiye da duk wa'azin da za mu yi.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Mun yi alfahari, domin mu ma mun haƙa, mun gina, masu unguwanni sun bi gida gida. A daminar shekarar ce kuma ambaliya ta shigo mana, ta cika ramukan makewayin makaranta, ta kayar da bangon ɓangaren 'yan mata. Mun kewaye da zana, iska ta kwashe, mun sake kewayewa. Ina roƙon iyayena maza su yi mini haƙuri, zan faɗi abin da ba a saba faɗa a taro ba. Yarinyar aji biyar ko shida da ta fara al'ada, in babu makewayi mai ƙofa da ruwa da buta, ba za ta zo makaranta a kwanakin ba, kuma ba za ta gaya wa kowa dalili ba. Rajista ce kawai ke nuna mana, duk wata kwana uku ko huɗu babu ita. Daga nan darasi ya wuce ta, daga nan zuwan ya fara yi mata nauyi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Muna da malama mai ƙoƙari da take jan su a jiki, amma tana buƙatar ma'aikaciyar lafiya mace da za ta riƙa zuwa su zauna da yaran nan su kaɗai, ta koya musu tsafta da yadda ake amfani da audugar mata ko ƙyalle mai tsabta, ta amsa tambayoyin da ba za su iya yi wa kowa a gida ba.

Mun ga amfanin makaranta a harkar allura da idonmu. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano maƙwabciyarmu, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su sami allurar jarirai ba ko ba su kammala ta ba, da yawansu 'yan shekarun makaranta. A Oktoban 2023 aka fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya tak, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. An yi ta ƙananan maganganu a kanta, amma da ma'aikaciyar lafiya ta zauna da iyaye mata a ajin can ta yi musu bayani da Hausar da suke ji, su da kansu suka riƙo hannun 'ya'yansu. A 2024 kuma Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Bazara na tafe, lokacin sanƙarau ke nan, kuma ajujuwanmu a cushe suke. Abin da ma'aikaci zai kwana uku yana nema gida gida, a nan zai same shi a sahu kafin rana ta take.

In an zo kuma, don Allah kada a tsaya a kanmu kaɗai. Bayan katangar nan akwai tsangaya, almajiranta a ruwa ɗaya suke wanka da ɗalibaina, sun ma fi su daɗewa a ciki. Akwai yaran rugar Fulani da ke shayar da shanu a bakin ruwan. Na yi magana da Alaramma da Arɗo, ga su nan zaune, duk sun ce a shirye suke su kawo yaransu duk ranar da aka sa. In aka yi wa namu magani aka bar nasu, ruwan nan bai tsarkaka ba.

Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da tsarin kula da lafiya a makarantu, wanda ya tanadi duba lafiyar ɗalibai da ruwa da makewayi da abinci da koyar da tsafta. Abin da muke roƙo bai fita daga cikinsa ba. A sa makarantar nan cikin zagayen asibitin mazaɓa, ma'aikaci ya riƙa leƙo mu ko sau ɗaya a wata, a rana sananniya. Ya zo da abin gwajin zazzaɓi na ɗigon jinin yatsa, domin da damina ba a raba mu da yaro kwance a bayan aji yana rawar sanyi. Ya zo da allon gwajin ido, akwai yaran da muke zaton ba sa ganewa alhali allon ne ba sa gani. Ya san masu sikila a cikinsu, ya nuna mana abin da za mu yi in ciwon ya tashi a aji. Akwatin taimakon gaggawa yana nan a ofishina, a cika mana shi, a koya wa malamai biyu aiki da shi.

Mu ma ba mu naɗe hannu ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace safiya a wurin taro muna duba farce da kai da haƙora. Mun rataya jarkoki a bakin ajujuwa don wanke hannu, in sabulu ya ƙare mu sa toka. Na buɗe littafi na musamman, duk yaron da ya yi fashi saboda ciwo ina rubuta sunansa da ranar da abin da ya same shi. Littafin yana kan teburin gabanka, ma'aikacin da za a turo mana da shi zai fara.

Yallaɓai, gani ya kori ji. Bayan jawabinka ina roƙon ka ba mu minti goma, mu taka tare da Hakimi zuwa famfon da bayan ajujuwa, in hali ya yi mu ƙarasa bakin ruwan, ba nisa. Daga nan ka sa mana hannu a littafin baƙi. Iyayenmu mata sun dama fura da nonon rugar Arɗo, tana jiranku a ofis.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya mai da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, ga abin magana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.